Tarago Biyu, Igiya Ɗaya

Likita Ossandon ta juyo da takardar wajena,
sai ka ce zan iya karanta abin da ɓargona ya rubuta.
Ta ce, “Eleuterio, dashe ba naka ba ne.
Saba'in da huɗu, ga ƙoda ta gaji,
ga zuciya mai tuntuɓe a kan matakala.
Wutar da ake kunnawa kafin dashen ɓargo
za ta cinye rumbun kafin ta iske ɓeran.”

Na ce, “To, shi ke nan?”
Ta ce, “A'a. Akwai doguwar hanya.”

Shekara talatin da ɗaya na yi
ina jan taragon da ke hawa tudun Valparaiso.
Tarago biyu ne, igiyar ƙarfe ɗaya:
in wannan ya hau, wancan ya sauka,
nauyin ɗaya ke riƙe ɗan'uwansa.
Ban taɓa kai kowa sama ya zauna can ba.
Aikina kawai kada igiya ta tsinke.
Da na faɗa mata haka sai ta yi dariya,
ta ce, “Ashe abokin sana'a ne.”

Talata, allura a gefen cibiya.
Minti biyar, ma'aikaciya na ba ni labarin karenta.
Ƙwaya kwana ashirin da ɗaya,
hutu bakwai,
Herminia na soke ranakun a kalandar mai gidan burodi.
Akwai 'yar farar nan mai korar barci:
ƙarfe uku na dare ina gyaran famfon da bai lalace ba,
ina ƙirga fitilun jiragen ruwa,
washegari in yi faɗa da cokali.
Herminia ta san ba ni ba ne. Ta kan ce,
“Bari baƙon ya gama, mijina zai dawo Alhamis.”

Tafin ƙafata ya zama na aro,
ina taka ƙasa kamar ta cikin safa uku.
Aka rage awo. Ƙafa ta ɗan dawo gida.
Wata-wata a ɗura mini ruwan ƙarfafa ƙashi,
gama ciwon nan gara ne, daga ciki yake ci.

Wata ashirin da shida maganin farko ya riƙe.
Ran nan lambar da ke kwance ta ɗaga kai.
Na ga likita ta cire tabarau, na gane.
Ba ta ce mini kome zai yi daidai ba,
shi ya sa na yarda da ita.
Ta ce, “An sha mu a wannan. Akwai na biyu,
bayansa na uku,
akwai kuma wani da ake gwadawa a Santiago,
in jikinka ya yarda, in kai ma ka yarda.
Ran da ka ce ya isa, nan ma ba zan sake ka ba.”

Nibaldo, na kujerar kusa da taga,
shi ƙarin jini ne abincinsa, duk mako biyu.
Ya kan shigo fari fat kamar alli,
ya fita yana zagin 'yan ƙwallon garinmu.
Tun watan jiya wata mata ke zama a kujerar.
Ban tambaya ba.
Na dai nuna mata inda bargo mai kauri yake.

Ba warkewa ba ce, na sani,
bashi ne ake sabuntawa duk Talata.
Amma cikin bashin nan jikata Maite ta koyi keke,
lemon bayan gida ya yi 'ya'ya sau uku,
na ci na ba maƙwabta.

Yau daga asibiti na hau tsohon taragona.
Yaron da ke ja bai san ni ba,
ya karɓi kuɗina, ya ja birki da garaje.
A tsakiyar tudu muka yi kiciɓis da mai saukowa,
na ɗaga hannu, wata ta ɗaga.
Na kasa kunne ga igiya, yadda na saba.
Tana buƙatar mai.
Gobe zan faɗa masa.